Dutsen Wilson da Madubansa: Birni Ya Cinye Duhu, Bai Taɓa Iska Ba

Abu biyu ne ke sa masana falaki su kwashi na'urorinsu su hau kan dutse, amma yawancin mutane ɗaya kawai suka sani. Na farko duhu ne, kuma wannan ba ya buƙatar dogon bayani: in fitilu suka haska sama, taurari marasa ƙarfi sai su ɓace. Na biyu natsuwar iska ce. Walainiyar da muke gani tauraro yana yi da dare ba daga jikinsa take ba. Haskensa ne ke ratsa iska mai zafi da mai sanyi suna cakuɗuwa, kowace tana karkatar da shi ta nata ɓangaren. Ido yana jin daɗin ganin haka, amma ga mai na'urar hangen nesa babbar matsala ce, domin na'urar da ta ƙara girman tauraro tana ƙara girman rawarsa tare da shi. Duk faɗin madubinka, in iskar da ke samansa ba ta zauna ba, dusu-dusu za ka gani. Wanda ya riƙe bambancin waɗannan abubuwa biyu zai fahimci dalilin ɗaukakar cibiyar nazarin taurari ta Dutsen Wilson, da dalilin faɗuwarta, da kuma dalilin da ya sa har yau ba ta mutu ba.

Dutsen yana cikin jerin duwatsun San Gabriel a kudancin Kalifoniya ta Amurka, yana kallon Pasadena da Los Anjeles daga tsayin kimanin mita 1,740. Ba wani tsayin a zo a gani ba ne idan aka gwada shi da Mauna Kea na Hawai, wanda ya haura mita 4,000. Abin da ya ba shi daraja shi ne yanayin wurin. Iska mai sanyi da laima tana shigowa daga tekun Fasifik ta kwanta a kwarin da birnin yake, sai wata iska mai ɗumi ta hau kanta ta danne ta. Hazo da ƙura da hayaƙi duk sai su maƙale a ƙasa. Ƙololuwar dutsen tana sama da wannan iyaka a yawancin kwanakin shekara, kuma iskar da ke wucewa ta kanta ta taso ne daga kan teku, ba ta yi karo da tsaunukan da za su hargitsa ta ba.

Mutumin da ya ga amfanin wannan shi ne George Ellery Hale, ɗan wani attajiri mai sana'ar ƙera lif. Kafin ya cika shekara 30 ya riga ya shawo kan wani mai kuɗi ya gina cibiyar Yerkes a jihar Wiskonsin, wadda aka buɗe a 1897 da na'ura mai gilashi mai faɗin inci 40. A nan ne hanyar gilashi ta kai ƙarshenta. Gilashin da haske ke ratsawa, ta gefensa kaɗai ake iya riƙe shi, don haka in ya yi faɗi da yawa sai tsakiyarsa ta lotsa da nauyinsa, ga kaurinsa yana shanye hasken da ake nema. Madubi kuwa fuskarsa ce kawai ke aiki, ana iya tallafe shi ta baya duka. Hale ya yanke cewa gaba ta madubi ce, kuma madubin yana bukatar samaniyar da ta fi ta Wiskonsin. A 1904 ya karɓi hayar fili a kan Dutsen Wilson, kafin shekarar ta ƙare kuma gidauniyar Carnegie ta Washinton ta ɗauki nauyin aikin.

Abin da mutane kan manta shi ne rana ce ta kawo Hale dutsen. Sunan wurin ma na farko cibiyar nazarin rana ne. A ganinsa rana ita ce tauraro ɗaya tilo da ke kusa da mu har ake ganin fuskarsa, don haka wanda ya fahimce ta ya sami mabuɗin sauran. Na'urar farko da aka hau da ita, mai suna Snow, a kwance take, kuma nan da nan aka ga aibinta: ƙasa tana ɗaukar zafi da hantsi, iskar da ke kusa da ita tana tafasa, hoton rana yana lalacewa. Maganin da Hale ya kawo shi ne a ɗaga madubai sama a kan hasumiya, a sauko da hasken a miƙe zuwa cikin rami mai sanyi inda na'urar tsaga haske take. Aka gina hasumiya mai ƙafa 60 a 1908, aka bi ta da mai ƙafa 150 bayan 'yan shekaru.

A wannan shekara ta 1908 ya sami abin da, a nawa ganin, ya isa ya wanzar da sunan dutsen ko da ba a sake gano komai a kansa ba. In aka tsaga hasken rana ya baje launi-launi, ana ganin wasu siraran layuka baƙaƙe a ciki, kowane sinadari da nasa. Masanin nan na Holan, Pieter Zeeman, ya riga ya nuna a ɗakin gwaji cewa ƙarfin maganaɗisu yana raba layi ɗaya gida biyu ko uku. Hale ya duba hasken da ke fitowa daga baƙaƙen tabon da ke fuskar rana, ya tarar layukan a rabe. Wannan ne karo na farko da aka tabbatar da maganaɗisu a wajen duniyarmu. Daga baya shi da abokan aikinsa suka lura cewa fuskar maganaɗisun tabon tana juyawa duk bayan kimanin shekara 11, wato cikakken zagayen shekara 22 ne.

Ana cikin wannan, ana kuma gina na'urar dare. Tun 1896 mahaifin Hale ya saya masa dunƙulen gilashi mai faɗin inci 60 daga kamfanin Saint-Gobain na Faransa, ya yi shekaru a ajiye babu kuɗin sarrafa shi. George Ritchey ne ya goge shi a Pasadena, aikin da ya ci kusan shekara biyu, domin kuskuren da ake yarda da shi a fuskar madubi bai kai kaurin da ido ko hannu za su iya ji ba. Ƙarafan da za su ɗauke shi a San Faransisko ake ƙera su, kuma da ƙyar suka tsira daga girgizar ƙasar 1906. Sai kuma hawan dutse. Hanyar siririya ce, alfadarai da jakuna ne suka yi jigilar kayan farko, sai da aka faɗaɗa ta kafin manyan ƙarafa su iya wucewa. Akwai wata dabara a ginin da nake ganin ta cancanci yabo: domin na'ura mai nauyin tan da yawa ta riƙa bin tauraro a hankali ba tare da gargada ba, sai aka sa mafi yawan nauyinta yana iyo a cikin kwarmin zaiba. A watan Disamba na 1908 ta fara aiki, ta zama mafi girma a duniya cikin masu aiki.

Da ita Harlow Shapley ya tumɓuke rana daga tsakiyar halitta. Ya bi wasu dunƙulallun garken taurari, kowane ɗaya da dubban ɗaruruwan taurari a cure, ya auna nisansu, ya ga ba su kewaye mu daidai ba. Sun taru ne a ɓangare guda na sama. A 1918 ya yanke cewa tsakiyar da suke kewayawa ita ce tsakiyar babban garken da muke ciki, wanda Turawa ke kira Milky Way, mu kuwa muna can gefe. Ya zarce a lissafi, domin bai san ƙurar da ke tsakanin taurari tana rage haskensu har su yi kamar sun fi nisa ba. A yau an san nisanmu da tsakiyar bai wuce tafiyar haske ta shekara 26,000 da ɗoriya ba. Amma ainihin maganar tasa ta tsaya.

Tun kafin ta inci 60 ta buɗe ido, Hale ya riga ya sa ran wadda ta fi ta. A 1906 wani ɗan kasuwar Los Anjeles, John Hooker, ya ba da dala 45,000 don madubi mai inci 100. Ba a taɓa zuba gilashi mai wannan girma ba. Saint-Gobain ba su da tukunyar da za ta narkar da shi a zubi ɗaya, sai suka zuba shi sau uku, kumfar iska ta maƙale tsakanin zubi da zubi. Da dunƙulen ya iso a ƙarshen 1908, Ritchey ya ce bai da amfani. Aka sake gwadawa a Faransa ba a dace ba, dole aka dawo kan wanda aka ƙi, bayan gwaji ya nuna kumfar ba ta kai kusa da fuskar da za a goge ba. Gugar ta ci shekara biyar zuwa shida. Hooker ya rasu a 1911 bai ga ƙarshen aikin ba, Hale kansa lafiyarsa ta taɓu saboda damuwa. A daren 1 ga Nuwamba 1917 aka juya na'urar wajen Mushtari, sai ga hotuna shida ko bakwai a haɗe maimakon ɗaya. Kamar yadda Walter Adams, mataimakin Hale a cibiyar, ya ba da labari daga baya, ma'aikata ne suka bar ƙubbar a buɗe da rana, zafi ya taɓa madubin. Suka jira har wajen ƙarfe uku na dare ya huce, suka sake dubawa, sai ga tauraro ɗigo ɗaya tsaf. Madubin yana tara haske kusan ninki uku na mai inci 60, kuma ya riƙe kambun girma har ƙarshen shekarun 1940.

Tambayar da ke jiransa tsohuwa ce. Akwai wasu tabo-tabon haske a sama masu siffar murɗe, mafi shahara shi ne na Andromeda. Shin gajimaren gas ne a cikin namu garken, ko kuwa kowannensu garke ne mai zaman kansa, wato galaksi, can nesa? A Afrilun 1920 aka yi muhawara a Washinton tsakanin Shapley, mai cewa a ciki suke, da Heber Curtis na cibiyar Lick, mai cewa a waje suke. Hujjar da Shapley ya fi dogara da ita daga Dutsen Wilson ɗin ta fito. Abokin aikinsa Adriaan van Maanen ya gwada hotunan da aka ɗauka shekaru tsakani, ya ce ya ga murɗaɗɗun suna juyawa. In har ana iya ganin juyawarsu cikin 'yan shekaru, to ba za su yi nisa ba. Awon kuskure ne, motsin da ya gani babu shi, amma mutum ne mai taka-tsantsan da na'ura mafi kyau a hannunsa, shi ya sa aka daɗe ana gaskata shi.

Mabuɗin warware rigimar yana hannun wata mata a Harvard, Henrietta Leavitt. Ta yi nazarin wasu taurari da ake kira Sefid, waɗanda haskensu ke ƙaruwa yana raguwa a kan ƙa'ida, kuma a 1912 ta nuna cewa wanda ya fi daɗewa kafin ya kammala zagayensa shi ya fi haske na gaskiya. Amfanin wannan a fili yake. In ka san ƙarfin fitila, ka kuma ga yadda ta dusashe daga inda kake tsaye, ka san nisanta. A watan Oktoba na 1923 Edwin Hubble ya ɗauki hoton Andromeda da na'urar inci 100 a kan farantin gilashi. Ya yi alama a kan ɗigo uku da ya zaci sabbin taurari ne masu fashewa, amma da ya koma kan tsofaffin farantai sai ya ga ɗaya daga ciki yana hawa yana sauka duk bayan kwana 31 da 'yan awoyi. Sefid ne. Lissafi ya ba shi nisan da ya kusa tafiyar haske ta shekara miliyan ɗaya, nesa ƙwarai da iyakar da Shapley kansa ya shata wa garkenmu. Aka karanta sakamakon a taron masana ranar 1 ga Janairu 1925. Leavitt ta rasu tun 1921.

Mataki na gaba shi ne wanda ake yawan ba da labarinsa a gurguje, a jingina wa mutum ɗaya, kuma wannan rashin adalci ne. Tun 1912 Vesto Slipher, a cibiyar Lowell ta Arizona, da na'ura mai inci 24 kacal, yake auna yadda layukan hasken waɗannan galaksi ke zamewa wajen launin ja, alamar suna gudu suna nesa da mu. A 1929 Hubble ya haɗa saurin da mafi yawansa Slipher ne ya auna da nisan da shi ya auna na galaksi 24, ya nuna cewa wadda ta fi nisa ta fi gudu. Shekara biyu kafin haka wani limamin coci ɗan Beljiyam, Georges Lemaître, ya riga ya fitar da wannan dangantaka daga lissafin Einstein, ya kuma fassara ta da cewa sararin ne kansa ke faɗaɗa, sai dai ya buga aikin da Faransanci a mujallar da ba a cika karantawa ba. Sai a 2018 ƙungiyar masana falaki ta duniya ta ba da shawarar a riƙa haɗa sunan Hubble da na Lemaître a kan wannan doka ta nisa da gudu.

Wanda ya fi ba ni sha'awa a cikinsu shi ne Milton Humason. Ya bar makaranta yana ɗan shekara 14, ya yi aikin korar alfadarai masu hawa da kaya kan dutsen, a 1917 aka ɗauke shi mai shara a cibiyar. Ya koyi ɗaukar hoton sama a wurin masu aikin dare, hannunsa ya yi kyau har aka mai da shi cikakken ma'aikacin bincike. Hasken galaksi mai nisa kaɗan ne ƙwarai, in aka tsaga shi kuma ya ƙara raunana, don haka faranti ɗaya kan ci dare da yawa. Mutum zai zauna cikin sanyin ƙubba, ido a kan tauraron jagora, yana gyara na'ura da maɓalli awa bayan awa, gari ya waye a rufe farantin, gobe a ci gaba daga inda aka tsaya. Awon da Humason ya yi ta wannan hanya ne ya kai dokar nesa, har zuwa galaksi masu gudun kusan kilomita 20,000 a daƙiƙa a aikin da suka buga tare da Hubble a 1931, kuma shi ya sa masu shakka suka sallama.

Wurin da ya buɗe wa mai korar alfadarai ƙofa bai buɗe wa mata ba. Masaukin masu aikin dare na maza ne zalla, har laƙabin gidan zuhudu suka ba shi. Margaret Burbidge, masaniyar falaki 'yar Birtaniya, ta nemi gurbin bincike na Carnegie a tsakiyar shekarun 1940 aka hana ta saboda wannan dalili. Da ta samu hawa dutsen bayan shekara goma, a takarda mataimakiyar mijinta ce, alhali ita ce gwanar na'ura a cikinsu.

Lissafin Hubble yana da wata ɓaraka. Saurin faɗaɗar da ya samu ya ninka wanda aka sani yau kusan sau bakwai, kuma in aka bi shi baya, shekarun halitta ba su wuce biliyan 2 ba, alhali masu nazarin duwatsu suna da shaidar cewa duniyarmu ta girmi haka. Gyaran ya fara ne daga wani abu da babu wanda ya shirya. Lokacin yaƙin duniya na biyu an riƙa rage fitilun Los Anjeles saboda tsoron hari, masana da yawa kuma sun tafi aikin yaƙi. Walter Baade Bajamushe ne, an hana shi aikin soja, an kuma taƙaita zirga-zirgarsa, sai ya zama yana da na'urar inci 100 kusan shi kaɗai a ƙarƙashin samaniya mai duhun da aka daɗe ba a gani ba. Ya yi amfani da farantai masu jin jan haske, ya zaɓi dararen da iska ta fi kwanciya, ya riƙa lura da zafin madubi. A 1943 ya rarrabe taurari ɗaya-ɗaya a tsakiyar Andromeda, abin da ya gagari kowa kafin shi. Daga nan ya gane taurari zuri'a biyu ne, matasa masu shuɗin haske a hannuwan murɗen, tsofaffi jajaye a tsakiya. Wannan ne ya kai shi, bayan ya ƙara da na'urar inci 200 ta Dutsen Palomar, ga sanarwar 1952 cewa Sefid ma iri biyu ne kuma an cakuɗa su, don haka sai a ninka nisan galaksi sau biyu. Andromeda a awon yau tana nisan shekarar haske miliyan 2.5.

Aikin Baade ya nuna iyawar madubin, ya kuma tona abin da ke cin sa. Birnin da mutanensa ba su fi 100,000 da kaɗan ba a 1900 ya zama yanki mai miliyoyin jama'a, kuma da yaƙi ya ƙare fitilu suka dawo fiye da da. Hale ya hango haka tun da wuri, shi ya sa ya kai na'urarsa ta ƙarshe Palomar, can kudu, wadda aka buɗe a 1948, shekara goma bayan rasuwarsa. Carnegie kuma ta kafa cibiyar Las Campanas a hamadar Chile a 1969, kuɗinta da hankalinta suka koma can. A tsakiyar shekarun 1980 aka rufe na'urar inci 100. Ban ga laifin shawarar ba ta fuskar mai neman galaksi masu nisa, domin a wannan aikin hasken birni ba shi da magani. Wata ƙungiya mai zaman kanta da aka kafa don ceton wurin ce ta karɓi ragamarsa, ta sake buɗe na'urar a shekarun 1990.

Sai dai ba kowane bincike ne ke bukatar duhu ba. Mai nazarin rana bai damu da fitila ba. Mai nazarin tauraro mai haske shi ma haka, abin da yake so shi ne iska ta tsaya. Tun a Disambar 1920 Albert Michelson da Francis Pease suka ɗora ƙarfe mai ƙafa 20 a bakin na'urar inci 100, da ƙananan madubai a kansa, suka haɗa hasken tauraron Betelgeuse da ya zo ta hanya biyu. Haske igiya-igiya yake tafiya, in aka haɗa biyu sai su fitar da zane na ratsi-ratsi, kuma tazarar madubai da ratsin ke ɓacewa a kanta ita ke faɗin girman tauraron. Suka sami 0.047 na daƙiƙar kusurwa, wato digiri ɗaya a kasa shi gida 3,600 sannan a ɗauki ƙasa da kashi ɗaya cikin ashirin na gida guda. Shi ne karo na farko da aka auna faɗin wani tauraro ban da rana, kuma ya nuna da za a ajiye shi a gurbinta da ya haɗiye hanyar da duniyarmu ke bi.

Wannan dabara ce babban aikin dutsen a yau. Jami'ar Jihar Jojiya ta kafa tsarin CHARA a can, na'urori shida, kowace da madubi mai faɗin mita ɗaya, a warwatse cikin itatuwa, mafi nisan tazara tsakanin biyu kimanin mita 330. Ana tura haskensu ta bututun da aka zuƙe wa iska zuwa ɗaki guda, inda wasu madubai a kan dogo ke kai da komo don daidaita tsawon tafiyar kowane haske, daidaiton da bai kai kaurin igiyar hasken ba. Ta fuskar rarrabe ƙananan abubuwa, sakamakon ya yi daidai da na madubi mai faɗin mita 330, ko da yake hasken da ake tarawa na ƙananan madubai shida ne kawai, don haka taurari masu haske kaɗai ake iya kallo. Da shi aka fitar da hoton fuskar tauraron Altair a 2007, aka ga ya baje a tsakiya saboda saurin juyawarsa, yana kammala zagaye cikin awa tara zuwa goma. A 2016 kuma aka zana taswirar tabon da ke fuskar wani tauraro na cikin namu garken, a rukunin taurarin da shi ma ake kira Andromeda, aka tarar har a ƙuryarsa ta arewa akwai su, inda rana ba ta taɓa yin tabo.

Tsofaffin na'urorin biyu yanzu jama'a ne suka fi morarsu. Ana kama dare a biya, a sa ido a kalli Mushtari ko Zuhal kai tsaye, kuma kuɗin yana taimakawa wajen riƙe wurin. Barazanar da ta fi kusa ita ce wuta. Gobarar daji ta 2009 ta yi kwanaki tana kewaya dutsen, ta Satumbar 2020 kuma ta matso har kimanin mita 150 daga gine-ginen kafin 'yan kwana-kwana su tare ta. Hanyar mota ɗaya ce mai kwalta ke kaiwa can, dajin yana ƙara bushewa, kuma madubi mai nauyin tan huɗu da kumfar 1908 a cikinsa ba abu ne da za a ɗauke cikin gaggawa ko a sake zuba irinsa ba.